Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana: Na Wane ne Arzikin Ƙarƙashin Ƙasa?

A shekarar 1899 majalisar dokokin Ingila ta amince da wani ciniki tsakanin gwamnatin Birtaniya da kamfanin Royal Niger, wanda ya daɗe yana haɗa mulki da kasuwanci a bakin Kogin Kwara. Gwamnati za ta karɓe mulki daga hannun kamfanin tun daga ranar 1 ga Janairu, 1900, shi kuma a biya shi diyya. Cikin diyyar har da alkawarin cewa tsawon shekara 99 kamfanin zai riƙa karɓar rabin harajin duk ma'adinin da aka haƙa tsakanin Kogin Kwara da wani layi da aka ja a taswira daga Yola zuwa Damagaram. Duk wanda ya shimfiɗa taswira ya ja wannan layi zai tarar Gaya da Ajingi suna cikin yankin da aka yi cinikinsa. A lokacin Sarki Alu ne bisa gadon Dabo, kuma sai a watan Fabrairun 1903 sojojin Turawa suka shiga Kano. Wato an raba abin da ke ƙarƙashin gonakin kakanninmu fiye da shekara uku kafin masu rabon su taka ƙasar.

Mutanen Gaya ba baƙi ba ne ga darajar abin da ƙasa ta ɓoye. Tarihin baka ya ce maƙerin nan mai suna Kano daga Gaya ya tashi yana neman tama har ya sauka gindin Dala, kuma zuriyarsa ake kira Abagayawa. A wancan zamani wanda ya haƙo tama shi ke narka ta, maƙwabcinsa ya sayi fartanya ya tafi gona. Tsakanin rami da mai cin moriyarsa babu nisa. Man fetur ya zo ya tsawaita wannan tazara har ta ƙetare tekuna, kuma a cikinta ne kamfanoni da gwamnatoci da sojoji suka sami wurin zama. Don haka tsohuwar tambaya ta dawo da sabon nauyi: arzikin da Allah Ya binne a ƙarƙashin ƙasa, na wane ne? Na wanda ya kashe dukiyarsa ya gano shi, ko na gwamnatin da ke riƙe da tuta, ko na mutanen da ke kwana a kansa?

Matsayin wannan maƙala shi ne: al'umma tana da haƙƙin karɓe arzikinta daga hannun baƙo, kuma duk ƙasar da ta kifar da gwamnatin wata ƙasa don ta hana hakan ta yi zalunci. Sai dai karɓewar rabin aiki ce. Hausawa na cewa rijiya ta bayar, guga ya hana. Gwamnati guga ce, kuma ana auna guga da ruwan da ya iso bakin mai ƙishirwa.

Hujjar baƙo

Adalci ya wajabta a saurari baƙon tukuna, domin hujjarsa ba ta wasa ba ce. Zai ce mai ya shekara dubbai a kwance ba wanda ya san da shi. Shi ya kawo ilimi da injuna, shi ya ɗauki kasada. A Nijeriya an ba kamfanin Shell D'Arcy izinin neman mai a ƙarshen shekarun 1930, kuma sai a 1956 ya dace da rijiyar Oloibiri, aka fara fitar da ɗanyen mai a 1958. Kusan shekara ashirin ana zuba kuɗi a rami. Da ba a samu kome ba, babu mai mayar masa da ko anini. To, da wane dalili za a bari sai tuwo ya nuna sannan a ce da mai tuƙi ya tashi? Zai ƙara da cewa alkawari kaya ne, kuma addininmu da al'adarmu duk sun hore mu da cika shi.

Rabin wannan hujja gaskiya ce. Wanda ya yi wahala yana da lada, shi ya sa ƙudurin Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 1803, na ranar 14 ga Disamba, 1962, da ya tabbatar wa al'ummomi ikon dindindin a kan arzikin ƙasarsu, ya haɗa da sharaɗin biyan diyyar da ta dace. Mai haƙa rijiya ana biyansa ladan aikinsa, har a kyautata masa. Amma ba a taɓa jin ya zama mai gidan da ya haƙa wa rijiya ba.

Batun alkawari kuwa, sai a tambaya wa ya ɗauka, kuma a wane hali. Dokar man fetur ta 1914 ta mulkin mallaka ta keɓe izinin neman mai a Nijeriya ga 'yan Birtaniya da kamfanoninsu kaɗai. Mai ba da izini Bature, mai karɓa Bature, mai rubuta doka Bature. Ciniki yana inganta ne da yardar mai kaya, kuma a nan mai kayan ba a ko sallama masa ba. Idan wani ya shiga gidan marayu da ƙarfi ya jinginar da gonarsu, ranar da suka girma babu alƙalin da zai ce su ci gaba da cika alkawarin da ya ɗauka da sunansu. Abin da zai duba shi ne ko wanda aka jinginar wa ya shuka wani abu da ya cancanci a biya shi.

Kamfani ɗaya, ƙasa biyu

Sunan D'Arcy da ke jikin kamfanin da ya nemi mai a Nijeriya yana da tarihi. A 1901 wani attajiri ɗan Ingila, William Knox D'Arcy, ya sami izinin shekara 60 daga Sarkin Iran na neman mai a mafi yawan ƙasar, bisa sharaɗin ba Iran kashi 16 cikin ɗari na riba. Daga wannan izini aka haifi kamfanin da daga baya aka sani da Anglo-Iranian. A 1914, bisa ƙoƙarin Winston Churchill, gwamnatin Birtaniya ta sayi mafi rinjayen hannun jarinsa, domin jiragen ruwanta na yaƙi sun fara barin kwal sun koma mai. Tun daga ranar, taɓa kamfanin ya zama taɓa daular. Har ta kai harajin da baitulmalin Landan ke samu daga kamfanin ya fi abin da Iran ke samu daga man ƙasarta.

A watan Maris na 1951 majalisar Iran ta mayar da masana'antar mai mallakar ƙasa, Muhammad Musaddaƙ kuma ya zama firaminista. Birtaniya ta janye ma'aikatanta daga matatar Abadan, ta toshe hanyar sayar da man Iran a kasuwannin duniya, ta kai ƙara Kotun Duniya, kotun ta ce a 1952 ba ta da hurumin sauraron ƙarar. Da shari'a ta gaza, sai aka koma makirci. Ranar 19 ga Agusta, 1953, hukumomin leƙen asirin Amurka da Birtaniya suka ɗaure wa juyin mulki gindi, aka kifar da Musaddaƙ. Ya yi shekara uku a kurkuku, sauran rayuwarsa kuma a tsare a ƙauyensu har ya rasu a 1967. A 2013 hukumar CIA da kanta ta saki takardun da suka tabbatar da hannunta. A 1954 aka raba man Iran tsakanin kamfanonin Yamma, kamfanin Anglo-Iranian ya sami kashi 40 ya kuma sauya suna zuwa British Petroleum, wato BP.

Laifin wannan katsalandan ya wuce na kuɗi. An nuna wa al'umma guda cewa ƙuri'ar majalisarta tana aiki ne kawai idan ba ta taɓa aljihun masu ƙarfi ba. Masu makircin sun sami mai na shekara 25, sannan juyin juya halin 1979 ya zo da gabar da har yau ba ta huce ba. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

A wannan shekara ta 1979 ɗin, kamfanin BP ya sake gamuwa da irin wannan hukunci, wannan karon a Legas. Nijeriya ta riga ta share fage: dokar man fetur ta 1969 ta danƙa dukan man ƙasa ga gwamnatin tarayya, a 1971 aka kafa kamfanin mai na ƙasa aka kuma shiga ƙungiyar OPEC, a 1977 aka kafa NNPC. Kuɗin mai ya ba ƙasar murya, har Janar Murtala Muhammad ya tsaya a Addis Ababa a Janairun 1976 ya ƙi bin umarnin Amurka a kan Angola. A ƙarshen Yulin 1979, ana jajibirin taron ƙasashen rainon Ingila a Lusaka, gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta sanar da karɓe kashi 20 da BP ke da shi a kamfanin Shell-BP, tare da harkarsa ta sayar da mai a cikin gida, wadda ta koma African Petroleum. Dalilin da aka bayar shi ne hulɗar man kamfanin da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, kuma duniya ta fahimci saƙo ne ga Margaret Thatcher a kan batun Rodeshiya. Kafin shekarar ta ƙare aka ƙulla yarjejeniyar da ta kai ga 'yancin Zimbabwe a 1980.

Ba a aiko jirgin yaƙi ba, ba a kifar da kowa ba, an daidaita kan diyya. Haƙƙin Nijeriya a 1979 bai fi na Iran a 1951 ba ko da ƙwayar gero. Abin da ya sauya shi ne ƙarfi: akwai OPEC, duniya ta ɗanɗani tsadar man 1973, kasuwa kuma tana cikin firgici saboda Iran. Darasin yana da ɗaci, domin ya nuna cewa a tsakanin ƙasashe ana girmama haƙƙi ne gwargwadon tsadar take shi. Amma wannan bayanin yadda duniya take ne, bai zama hujjar yadda ya kamata ta kasance ba. Kura ta fi akuya ƙarfi, kuma babu wanda ya taɓa kiran abin da ke tsakaninsu shari'a.

Abin da malamai suka tanada

Tun kafin Majalisar Ɗinkin Duniya, malaman fiƙihu sun tattauna wannan mas'ala. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito labarin Abyad ɗan Hammal, wanda ya roƙi Manzon Allah (SAW) ya yanka masa wurin haƙar gishiri a Ma'arib, aka ba shi. Da aka bayyana cewa wurin tamkar ruwa ne mai ɓuɓɓuga wanda ba ya yankewa, sai aka janye kyautar. Abin da jama'a duka ke bukata, kuma ba hannun mutum ya samar da shi ba, bai dace ya zama na mutum ɗaya ba. A mazhabar Malikiyya, wadda ake karanta Muhtasar ɗinta a zaurukan Kano har gobe, sanannen hukunci shi ne al'amarin ma'adini yana hannun shugaba, ko da a gonar wani ya bayyana.

Mai gaggawa zai ce ashe fiƙihu ya yi daidai da sashe na 44(3) na tsarin mulkin 1999, wanda ya danƙa ma'adinai da mai da iskar gas ga gwamnatin tarayya. A zahiri sun yi kama. Amma malamai ba su tsaya nan ba. Sun ce shugaba yana sarrafa ma'adinin ne a madadin jama'a, kuma ingancin duk abin da ya zartar a kan talakawansa yana rataye da maslaharsu. Hannunsa hannun amana ne, irin na wakili ko mai riƙon dukiyar maraya. Wakili kuwa yana da alamomin da ake gane shi da su. Ba ya cakuɗa dukiyar da ya riƙe da tasa, yana ba da lissafi in an nema, kuma mai dukiya yana iya sauke shi. Inda waɗannan suka ɓace, sunan amana kawai ya rage. Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Kitabul Farƙ ya soki sarakunan zamaninsa ne a kan cin dukiyar talakawa ba bisa haƙƙi ba, kuma waɗannan sarakuna ba daga ƙetare suka zo ba. Kasancewar mai riƙe da guga ɗan gida bai taɓa zama shaidar cewa ruwa zai iso ba.

Guga a hannunmu

Manomin Gaya ya san wannan tun kafin mai. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama zinariyar ƙasar nan. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, a 1954 ta koma ƙarƙashin gwamnatin Jihar Arewa. Hukumar ce kaɗai ke da ikon fitar da gyaɗa waje, ita ke yanka farashi, kuma sau da yawa farashin yana ƙasa da na kasuwar duniya. Rarar ta gina abubuwa masu amfani, wannan ba a musu. Amma manomin da ya ɗora buhu a jaki ya kai kan sikeli bai taɓa ganin lissafinta ba. Duk da haka, a wancan zamani gwamnati tana bukatarsa. In bai noma ba, dalar gyaɗa ba ta tashi, baitulmali kuma ya bushe.

Mai ya yanke wannan igiya. Farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 sun durƙusar da nomanta, gwamnati kuma ba ta ji a jikinta ba, domin kuɗi na shigowa daga teku. A 1979 Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano. Wannan aikin adalci ne, kuma duk wanda ya ji labarin yadda ake shanya mutum a rana saboda haraji ba zai yi kewarsa ba. Sai dai akwai abin lura a ciki. Gwamnatin da ke ci daga hannun talaka dole ta san ƙofar gidansa, ta kuma ji tsoron fushinsa. Wadda ke ci daga rijiyar da ke nisan ɗaruruwan kilomita tana iya mantawa da shi har sai zaɓe ya zo. Shi ma talakan, da yake ba daga aljihunsa kuɗin ya fita ba, sai ya daina tambaya. Haka “kayan gwamnati” ya koma yana nufin kayan da ba na kowa ba, burtsatsen da aka gina da kuɗin mai kuma ya zama kyautar wane, a yi masa godiya da kiɗa.

Sakamakon yana nan a rubuce. Kamfanin NNPC da aka kafa a 1977 bai wallafa rahoton kuɗinsa da masu bincike suka tantance ba sai a 2020. A 2014 gwamnan Babban Banki na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya yi zargin cewa dala biliyan 20 na kuɗin mai ba su shiga asusun tarayya ba, kuma a watan Fabrairu aka dakatar da shi. Matatun gwamnati huɗu, ciki har da ta Kaduna da aka buɗe a 1980, an gina su don tace ganga 445,000 a kullum, amma shekara da shekaru ƙasar tana sayar da ɗanyen mai tana sayo tatacce. African Petroleum ɗin da aka karɓe da alfahari a 1979, a shekarar 2000 gwamnati ta sayar da hannun jarinta ga 'yan kasuwa, kuma shugaban ƙasa a lokacin shi ne dai Obasanjo.

Abu guda da talaka ke iya nunawa ya ce ga rabonsa shi ne arahar fetur. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Masana suna da hujja cewa tallafin ya zama ramin ɓarna da fasa-ƙwauri, kuma mai motoci biyar ya fi ɗan acaɓa cin moriyarsa. Amma a Ajingi farashin lita yana nufin ko injin ban-ruwa zai tashi a fadama, ko nawa mai niƙa zai caji kwanon dawa, ko mace mai naƙuda za ta iya biyan motar da za ta kai ta asibiti a Gaya ko Wudil. An ce da mutane su yi haƙuri, kuɗin da aka tsimi zai dawo musu ta wata hanya. Mai riƙon amanar da ya shekara 43 bai ba da lissafi ba, da wace fuska zai nemi a yarda da shi a kan baki kawai?

Laifi tudu ne

Akwai wani ɓangare da ya fi wuyar faɗa a Arewa, kuma gaskiya ba ta cika sai da shi. Man da ake raba kuɗinsa wata-wata har ya iso ƙananan hukumomi 44 na Kano, daga ƙarƙashin gonaki da koramun wasu yake fitowa. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyara ƙasar Ogoni na iya cin shekara 25 zuwa 30. Ken Saro-Wiwa da 'yan uwansa takwas, gwamnatin ƙasarsu ce ta rataye su ranar 10 ga Nuwamba, 1995. Ga masuncin da kifinsa ya mutu, dokar da aka rubuta a Legas ko Abuja ba tare da an tambaye shi ba, ba ta da bambanci mai yawa da wadda aka rubuta a Landan.

Lokacin samun 'yanci, rabin harajin ma'adinai yana komawa yankin da aka haƙo shi. A farkon shekarun 1980 kason ya faɗo zuwa kashi 1.5, sai tsarin mulkin 1999 ya mayar da shi aƙalla 13. Akan ji wasu a cikinmu suna cewa da kuɗin gyaɗa aka nemo mai, saboda haka bashi ake biyanmu. Wannan hujja tana da rauni, domin kamfanoni ne suka yi neman da jarinsu. Haƙƙin ɗan Gaya a cikin man Nijeriya yana da tushen da ya fi wannan ƙarfi, wato kasancewarsa ɗan ƙasa ɗaya da ɗan Oloibiri. Amma wanda ya karɓi riba da sunan tarayya, dole ya ɗauki asara da sunanta. Kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski. Idan muna da rabo a gangar mai, muna da rabo a alhakin koramar da ta gurɓace.

Jarrabawar ta matso kusa. A 2019 aka sanar da samun mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, a Nuwamban 2022 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin. Nan da nan aka fara muhawara kan ko rijiyar a wace jiha take. Harshen da muka daɗe muna zargin mutanen Neja Delta da shi, sai ga shi a bakinmu. Mudun da muka auna wa wasu, da shi ya kamata mu yarda a auna mana.

Darasi daga maƙwabta

'Yan uwanmu na Nijar suna cikin irin wannan gwaji a yanzu. Kamfanin CNPC na Sin ne ya haƙo man Agadem, ya gina matatar SORAZ kusa da Damagaram a 2011, sannan ya shimfiɗa bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar tekun Benin. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, sojoji suka sallami dakarun Faransa, a 2025 kuma suka karɓe kamfanin yuraniyom na Somair daga hannun Orano. Jama'a da yawa sun yi murna, kuma duk wanda ya san yadda Nijar ta shekara fiye da hamsin tana ciyar da tashoshin lantarkin Faransa alhali ƙauyukanta na cikin duhu zai fahimci murnar. Sai dai a 2024 gwamnatin ta karɓi bashin dala miliyan 400 daga CNPC wanda za a biya da ɗanyen mai, kuma da rikicin iyaka ya tashi, Benin ta hana lodin man na wani lokaci. Ƙasar da ba ta da teku, ba ta da jari, ba ta da isassun injiniyoyi, tana iya korar baƙo ɗaya ta wayi gari a hannun wani. Ita ma Nijeriya, da ta yanke wa Nijar wutar lantarki a 2023, ta nuna cewa mayar da makamashi bulala ba halin Turawa kaɗai ba ne. Hukuncin tarihi a kan matakin sojojin Nijar zai dogara ne ga ko mutumin Arlit da na Diffa za su ga lissafin da ba su taɓa gani ba a zamanin baƙi.

Kammalawa

Arzikin ƙarƙashin ƙasa na al'umma ne, waɗanda ke raye da waɗanda ba a haifa ba, domin gangar da aka sayar yau ba za ta sake tsirowa kamar gero ba. Baƙon da ya yi aiki yana da lada. Wanda ƙasarsa ta lalace yana da haƙƙin gyara kafin a zauna rabo. Gwamnati kuwa riƙo kawai take yi. Musaddaƙ ya yi gaskiya, Nijeriya ma ta yi gaskiya a 1979, amma gaskiyar da aka yi a gaban baƙo ba ta wanke wanda ya ci amanar ɗan gida. Hasali ma, kukan katsalandan ya sha zama bargon da shugabanni ke lulluɓa da shi duk ranar da aka nemi lissafi.

Gyaran bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. Kowane wata ana wallafa kason da kowace ɗaya daga ƙananan hukumomi 774 ta samu daga asusun tarayya, kuma ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyansu kai tsaye. Babu abin da zai hana a rubuta adadin da ya shigo Gaya da Ajingi, da Hausar boko da ajami, a manna a ƙofar sakatariya da bakin kasuwa da masallacin Juma'a, a gefensa kuma a jera abin da aka yi da shi. Babu abin da zai hana ɗalibai da limamai da ƙungiyoyin manoma su nemi hakan da ladabi, su kuma sake nema in an yi shiru. A 1899 an yi cinikin ƙasar nan ba a tambayi masu ita ba saboda suna nesa kuma ba su da labari. Jikokinsu suna da ƙuri'a, suna da rediyo da waya, suna iya karatu. In aka ci gaba da rabo ba da saninsu ba, wannan karon shirunsu ma yana cikin abin da za a tambaya.